Hoton Mahaifiyata a Ɗaki Mai Duhu

Kamarar ƴar ƙarama ce, launin azurfa, ba ta fi sabulun wanka girma ba. A kasuwar Magarya na saye ta, hannun wani mai kayan lantarki da ke sarowa daga Kano, kuma ta riga ta sha hannu kafin ta zo gare ni, don gefenta ɗaya duk ya goge. Ya rantse mini cewa ko cikin rijiya na shiga da ita za ta ɗauko mini hoton guga. Na san ƙarya yake yi, amma ina son abin, sai na bar shi ya yi ta rantsuwarsa.

A wancan lokaci ni mushe ne, wato malami, a wata ƴar lekwal, makarantar boko ta ƙauye kusa da Waca. Ɗakina yana bayan aji, ni kaɗai, na haura talatin ban yi aure ba, matan ƙauyen suna kirana tuzurun gwamnati a gaban idona. In yara suka tashi, ba abin da ke motsi a filin sai awaki, su ma in sun gama da ƴan itatuwan da na dasa sai su kama gabansu. Da kamarar nan na riƙa kashe yammaci. Na ɗauki hoton itacen kuka, na ɗauki rijiya, na ɗauki jakin mai gadi har ya san ni. A rana ba ta da laifi ko kaɗan, komai tar yake fitowa, har ƙudan da ke kan kunnen jakin ana gani. Amma in na gama babu wanda zan nuna wa, sai in zauna bakin ƙofa in yi ta duba su ɗaya bayan ɗaya har pil ɗin, batirinta, ya mutu.

Dab da hutun damina labari biyu suka same ni a jere. Na farko, an ɗauke ni daga nan an tura ni wata lekwal can arewa, gaba da Tanut, inda aka ce mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Na biyu, mahaifiyata ta zame a tsakar gida bayan ruwan farko, ƙashin ƙugunta ya karye. Maɗori ya yi nasa, bai kama ba. Da na isa ƙauyenmu, kudu da Dungas, na je na ɗauko majo, babban ma'aikacin gidan likita, a kan moto, wato babur, ya duba ta. Da muka fito ya ja ni gindin bedi ya ce in yi haƙuri, tsohuwar nan ba za ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba, zuciyarta ma ta gaji. Bai ce mini saura yaushe ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar mayar da shi ne na tuna ba ni da hotonta. Duk gidanmu babu, in ka cire ɗan ƙaramin da ke jikin kart ɗinta na ɗan ƙasa, wanda hatimi ya cinye rabin kuncinsa, sauran rabin kuma gumi da shekaru suka cinye. Na ga kaina can arewa a wani ɗakin bayan aji, an aiko mini da mummunan labari, ina neman fuskarta a kaina ina rasawa. Abin ya tsorata ni ƙwarai. Na ce kafin hutun nan ya ƙare sai na samu hoto ɗaya mai kyau, ɗaya tak, wanda in na rataye shi a bango mahaifiyata za ta kalle ni daga ciki.

Sai na faɗi yadda muke da ita, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗanta na fari. Da aka yaye ni aka kai ni gidan kakata, can na girma, can na ji ƙannenta suna ce mata Yaya, ni ma na ɗauka, har yau ban iya kiranta da wani suna ba. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta zama inda nake zaune. In na zo gida sai ta ce wa autarmu, “Tambayi mutanen Waca ko sun sha ruwa,” alhali ga ni tsugune a bakin ƙofa, kuma ba wasu mutane, ni kaɗai ne. Ƙannena tana zaginsu, tana yi musu dariya, tana jan kunnensu. Ni sai dai ƙwaryar furar da ta fi kowace kauri, a kawo mini ba a ce daga wa take ba. Ban taɓa ɗaukar wannan laifi ba, haka uwa ta kirki take yi a wajenmu, har yabonta ake yi a kai. Amma ba zan ce bai taɓa yi mini ciwo ba.

Ɗakinta na ƙasa ne, wanda mahaifinmu ya gina kafin ya rasu, bango mai kauri, rufin azara. Taga ɗaya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, an toshe ta da tsumma tun wata shekara da maciji ya shigo ta nan. Ƙofar gajera ce, tana kallon rumbu. Gadon yana can ƙurya, bayansa jeren kwanoni da tasoshin da ta tara tun aurenta. Fito da ita tsakar gida ba zai yiwu ba, ko juya ta aka yi don a gyara shimfiɗa sai gumi ya karyo mata. Autarmu, wadda ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, ita ta isar da saƙona cewa ina son in ɗauki hoto. Yaya ta amsa tana kallon bango, ta ce in mutanen Waca ba su da aikin yi su yi abin da suka ga dama.

Na tsuguna inda na saba, a bakin ƙofa, na ɗaga kamara na danna. Filashi ya tashi ya haske ɗakin gaba ɗaya. Ta yi salati, ta kare ido da hannu, kazar da ke kwanci ƙarƙashin gado ta fito a guje. A hoton an ga tafin hannu fari fat, kwanoni suna ƙyalli ta ko'ina, babu fuska. Idanunta dama sun fara yana, hasken ya sa su zubar da ruwa har la'asar. Ta sa aka gaya mini in dai da wannan wutar ne a yafe mata. Na nemo inda ake kashe shi na kashe.

Daga nan wahalar ta fara. Ba filashi, kamarar sai ta koma nawa, in na danna ta yi shiru ɗan lokaci kafin ta ce ƙyas. Abin da ke fitowa ba ya kama da kowa. Duk ɗakin dishi-dishi, bango ya narke cikin gado, ita kuma wata inuwa ce mai ɗankwali. Ɗan littafin da ya zo da kamarar da Faransanci yake, na bi shi shafi-shafi har na gane cewa a duhu idon kamara yakan daɗe a buɗe yana tara haske, duk motsin da aka yi kafin ya rufe kuma sai ya shiga hoton ya jagwalgwala shi. An ce a ƙara wata lamba da ake kira ISO don jinkirin ya ragu. Na ƙara ta har ƙarshe. Jinkirin ya ragu, amma hoton ya fito da ɗigo-ɗigo, ja da kore da shuɗi, kamar an watsa masa dusa. Na rage, dishi-dishi ya dawo. Na ƙara, dusa ta dawo. Na zagi mai kayan lantarkin Magarya da iyayen gidansa na Kano, amma a zuci, don ina bakin ƙofar mahaifiyata.

Na koma neman haske. Na zare tsumman taga, aka yi rigima, na ce in maciji ya shigo ni zan kama shi. Na aro babban farantin silba a maƙwabta, na jingina shi da rumbu yadda zai kamo rana ya jefa ta cikin ɗaki. Sai dai damina ce. Da na daidaita shi sai hadari ya taso daga gabas ya rufe ranar, in ya wuce kuma ta riga ta matsa. Na gwada tocila, ta mai da fuskar rabi rawaya rabi baƙa. Na gwada fitilar ƙwai, ta ƙara dusa. Mutanen gida suna gona suna maimai, ni ina tsakar gida da faranti ina bin rana. Wani kawuna ya wuce da hauya a kafaɗa, ya tsaya ya kalle ni, ya ce ashe haka aikin gwamnati ke mai da mutum.

Sai na zargi hannuna. Na riƙe numfashi, na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na jingina da jikin ƙofa. Ya ɗan yi sauƙi, bai isa ba. Ƙarshe na mirgino wani tsohon turmi na kife shi a bakin ƙofa, na ɗora kamara a gindinsa, na tokare ta da dutse, na danna a hankali. A ɗan gilashin bayan kamara sai na ga kamar an dace, ga kwanoni sun fito, ga zanen shimfiɗa. Amma gilashin ƙarami ne, yana rufa wa hoto asiri, kuma fuskar dai ban gamsu da ita ba.

Wata rana da haushi ya ishe ni na miƙa wa autarmu, na ce ta gwada tata sa'ar, na fita zaure. Daga can ina jin su suna dariya ita da Yaya, irin dariyar da ke tsayawa da zarar na yi sallama. Ta dawo mini da kamarar tana cewa ta ɗauka da yawa. Na duba, duk sun fi nawa lalacewa, don ita danna maɓalli take yi kamar mai kashe kuɗin cizo. Na ce mata Allah ya sa ba ita za ta yi mini hoton aure ba. Ta ce in fara samo matar tukuna.

Ranar kasuwar Magarya na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa Dungas, daga nan na shiga mota. Akwai wani shagon wanke hoto kusa da tasha, mai shi yana da ordinatar, wato kwamfuta. Ina miƙa masa ɗan kart ɗin da hotunan ke ciki aka ɗauke kuran, wutar lantarki, fanka ta tsaya, muka zauna muna fifita da kwali. Da wuta ta dawo ya buɗe mini su, ya nuna mini inda zan riƙa dannawa, ya tafi salla ya bar ni.

A babban gilashi babu abin da ya ɓuya. Na fara da nawa na kan turmi. Kwanonin sun fito tsaf, har furen da ke jikin murfinsu, har inda fenti ya ɓare. Hannunta da ke kan cinya ma haka, da zoben azurfarta da jijiyoyi. Daga wuya zuwa sama ne kawai abin ya shafe, kamar an goge shi da yatsa tun bai bushe ba. Hoto bayan hoto haka, kuma duk shafewar gefe ɗaya ta nufa, wajen bango. Sai na buɗe na autarmu. Su komai ya girgiza, kwanoni sun zama biyu-biyu, gado ya karkace. Amma a cikin wannan hargitsin fuskar gaba take kallo sosai, baki a buɗe, ana ganin farin haƙori. Kuma nata sun fi nawa haske nesa ba kusa ba.

Sai na gane. Kamarar ba ta da laifi, mai kayan lantarki ma a banza ya sha zagi. Duk lokacin da na ɗago kamara, Yaya kau da kai take yi, yadda ta saba yi tun ina yaro, a hankali, wataƙila ba ta ma san tana yi ba. Na saba da abin har na daina ganinsa, kamarar ce ba ta saba ba. Hasken kuwa ni nake tare shi. Ƙofar nan ita ce hanyar rana, ni kuma ban taɓa wuce bakinta ba, don ɗan fari ba ya kutsa kai ɗakin uwarsa. Duk hasken da na wahala na kamo da faranti, a gadon bayana yake ƙarewa. Autarmu kuwa shigewa ta yi har gaban gado ta bar ƙofa wayam. Da mai shagon ya dawo ya tambaye ni wanne za a wanke, na ce babu. Na ji kaɗaici a shagon nan, cikin hayaniyar tasha, irin wanda ban taɓa ji ba a bayan aji.

Maganin a fili yake, na kuma yi shi. Da na koma na koya wa autarmu: a shigar da turmi cikin ɗaki a ajiye gefe, a bar ƙofa, a danna a hankali. Na fita zaure. Da hantsi ne, rana tana shiga sosai. Ta kawo mini hoto mai kyau, ba zan yi ƙarya ba, ɗigo-ɗigon kaɗan ne, Yaya tana dariya har idanunta sun shige. Kowa a gidan ya karɓa ya gani ya ce ita ce sak. Ni ma na ce ita ce. Amma na san wa ake yi wa dariyar nan. In na rataye shi a arewa, kullum zan riƙa leƙen abin da ba nawa ba, kamar mai jin hira ta bayan danga. Na yi godiya na ajiye, raina bai kwanta ba.

Na sa autarmu ta roƙe ta, ta daure ta kalli kamarar sau ɗaya alhali tana hannuna. Ina tsugune ina jin su.

“Ba an yi hoton ba? Me kuma ake nema?” in ji Yaya.

“Inna, shi yake so ya ɗauka da hannunshi. Tafiya zai yi mai nisa.”

Ta murza bakin zane.

“Ki ce musu ni ban iya ba,” ta ce. “Ba ƙi na yi ba. Ban iya ba.”

Duk da haka ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Na raɓe gefen ƙofa don haske ya wuce. Na ga ta ɗago kai, ta kafe wuya. Amma da idonmu ya kusa haɗuwa sai kan ya tafi wajen bango da kansa. Na sauke kamarar ban danna ba.

Bayan wannan na daina. Sauran hutun a zaure na yi shi. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanyar rijiya, mutanen gida suna fita da sassafe su dawo a gajiye, ba mai lokacin hira da wanda ba ya noma. Safe da yamma nakan tsuguna in gaishe ta, autarmu ta karɓa ta miƙa, ta karɓo amsa ta miƙo, a ɗakin da ko raɗa aka yi kowa zai ji. Ina ganin zoben yana yi wa yatsanta yawa har aka naɗa masa zare. Furar dai ba ta fasa zuwa ba, ko da yake yanzu ba ita ke damawa ba. Daga kwance take faɗin yawan nonon da za a zuba.

Ana gobe zan tafi, ina shirya jaka, na lura da wani maɓalli mai hoton agogo da ban taɓa kula shi ba. In aka danna shi kamara takan ɗan jira, sannan ta ɗauka da kanta. Sai wata dabara ta faɗo mini, na kuma ji daɗinta ƙwarai. In ba kowa a bayan kamara, ba wanda Yaya za ta kau da kai daga gare shi. In zauna kusa da ita, mu biyu mu kalli wuri ɗaya, ba sai ta kalle ni ba, ba sai na kalle ta ba. A ganina ban keta kunyarta ba ke nan. Ban yi shawara da kowa ba.

Da safe, ɗan kabu-kabu yana jira a ƙofar gida, na yi sallama na cire takalmi na shiga. Rabona da cikin ɗakin nan tun ban san kaina ba. Warin man zafi da hayaƙi da turaren wuta ya tare ni. An jingina ta da matashi don ta sha koko. Turmin yana nan gefe inda autarmu ta bar shi, na ɗora kamara, na daidaita ta da gado, na danna. Ƴar jar wuta ta fara ƙiftawa. Na taka na zauna a bakin gadon.

Autarmu ta kama baki. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yunƙura za ta matsa wajen bango da karyayyen ƙugun nan. Ƙarar da ta fito daga bakinta ƴar ƙarama ce, ta danne ta, amma na ji. Na miƙe zumbur. Kunya da haushi suka haɗe mini, haushin kaina da nata da na duk wanda ya fara wannan al'ada, na fice, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

A zaure na tsaya har numfashina ya daidaita. Autarmu ta biyo ni da takalmin da kamarar, ta ce, “Mushe, kai ma dai. Ka san halinta.” Na ce na sani. Na koma na tsuguna a wurina na bakin ƙofa, na nemi gafara, na ce zan kama hanya. Mayafin yana kan fuskarta. Ta cikinsa ta yi addu'a mai tsawo, Allah ya tsare, Allah ya haɗa da mutanen kirki, Allah ya sa a gama lafiya, duk ba ta ce wa ba. Na ce amin, na tashi.

A tashar Dungas mota ba ta cika ba, na samu benci a inuwa na zauna. Na ciro kamara don in goge hoton ƙarshen, ba na son in tafi da shi arewa. Na zaci mayafi zan gani da rabin jikina.

Ashe sai da na fita ta ɗauka. A gefen hoton ga bakin ƙofa, ga wani farin abu da ya shafe, ƙasan rigata ce tana ficewa. Rana ta shigo har kan gado. Yaya ta sauke mayafin. Ta dogara da gwiwar hannu ta ɗago daga matashin, abin da muke cewa ba ta iyawa, ta miƙa wuya wajen ƙofa. Ba ta motsa ba ko kaɗan, fuskar ta fito tsaf, tsagar kuncinta, yanar idonta, leɓenta a ɗan buɗe. Ɗigo-ɗigo yana nan a inuwar bango, bai taɓa ta ba. Bayana take kallo, da dukan fuskarta, kuma ban taɓa ganin an kalli mutum haka ba. Autarmu tana can ƙurya ta sunkuya tana ɗaukar kwanon koko, ko ɗago kai ba ta yi ba, alamar ba sabon abu ba ne a wajenta. Duk tafiyar da na taɓa yi daga gidan nan, da wannan aka raka ni, ina gaba ban sani ba.

Na yi kuka a tashar nan, a gaban masu sayar da dafaffiyar gyaɗa da ƴan kamasho, ban damu ba. Ga ƴan kabu-kabu birjik, in na so kafin azahar ina gida. Na tashi ma har na ɗauki jaka. Sai na tambayi kaina me zan je in yi. In nuna mata? Da ta san kamara ta kama ta, kunyar da za ta ji ta fi ciwon ƙugun. In tsuguna a bakin ƙofa kuma, bango za ta kalla. Da aka kira fasinjan Magarya na shiga mota.

Ta rasu kafin ruwa ya sake sauka, ina can arewa, labarin ya same ni bayan an rufe ta. Hoton dariyar na wanke wa kowa, yana rataye a ɗakunan ƙannena duka. Ɗayan kuwa ɗaya tak na wanke, ban rataye shi ba, ban nuna wa kowa ba, har matar da na aura daga baya. Abin da ta ɓoye shekara talatin da wani abu, ba ni zan tona mata ba. In gida ya yi shiru nakan ɗauko shi, har yanzu kuma in na riƙe shi a gabana ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo. Sai in jingina shi a kan tebur, in je bakin ƙofar ɗakina in tsaya, in juya mata baya.